Amurka da Japan: Rigimar Farautar Kifin Wel

   

Yau tafiyar mai nisa ce. Za mu je har tekun Fasifik, inda Amurka ke gaɓar gabas, Japan ke gaɓar yamma. Ƙasashen nan biyu aminan juna ne. Suna ciniki tare. Suna tsaro tare. Dubban sojojin Amurka na zaune a Japan har gobe. Amma akwai magana guda da in aka ɗauko ta, sai fuska ta ɓaci. Maganar farautar kifin wel ce. Ba'amurke na cewa rashin imani ne. Mutumin Japan na cewa gadon kakanninsa ne. An haura shekara hamsin ana wannan ja-in-ja, har yau ba a daidaita ba.

Ga abin da nake so mu riƙe tun daga farko. Ƙyama daban, hujja daban. Mutum na iya ƙyamar abincin wani, babu mai hana shi. Amma in zai hana wani ci, to sai ya zo da hujja. Da wannan ma'auni za mu auna Amurka, da shi kuma za mu auna Japan.

Kafin nan, bari mu san dabbar da ake rigima a kanta. Wel a teku yake rayuwa, amma iska yake shaƙa. Haihuwa yake yi, ya shayar da ɗansa nono, kamar ayun da masuntanmu suka sani a kogin Kwara da na Binuwai. Mafi girma a cikinsu, shuɗin wel, tsawonsa kan kai mita talatin. Babu dabbar da ta kai shi, a ruwa ko a tudu. Uwar kan ɗauki ciki kusan shekara guda. Ɗa ɗaya take haifa. Sai ta yi shekara biyu ko uku kafin ta sake. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

To, yanzu mu shiga Amurka, mu ga da wane ido ake kallon Japan. Gaskiyar magana, ido ne na ƙauna. Ka shiga kowane babban birni, za ka tarar da gidajen sayar da sushi, wato shinkafa da ɗanyen kifi irin na Japan. Kakannin masu cin nan, da ka miƙa musu ɗanyen kifi, da sun ture kwanon. Yau jikokinsu layi suke yi. Yara na tashi da katun na Japan, da Pokémon, da wasannin Nintendo. Iyaye na kai 'ya'yansu koyon karate da judo. Toyota da Honda da muka sani a titunanmu, can ma sun cika titi. A birnin Washington akwai itatuwan ceri da birnin Tokyo ya bayar kyauta tun 1912. Duk shekara in sun yi fure, jama'a na tururuwa kallo. A 2024, shirin talabijin mai suna Shogun, labarin sarakunan yaƙin Japan, ya kwashe kyaututtukan Emmy rututu, alhali akasarin shirin da Japananci aka yi shi. A filin ƙwallon besbol kuwa, sunan Shohei Ohtani, haifaffen Japan, yana bakin kowane yaro.

Ku tuna, ƙasashen nan sun taɓa gwabza yaƙi. Japan ta kai hari Pearl Harbor a 1941. Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a 1945. A tsakanin nan, Amurka ta kwashe mazauna ƙasarta 'yan asalin Japan, kimanin dubu 120, ta tsare a sansanoni, ba ta nemi gafara ba sai 1988. Daga waccan gaba zuwa wannan ƙauna, abin a yaba ne, kuma na yaba.

Sai dai ƙaunar tana da zaɓe. An ɗauki furen. An ɗauki takobin samurai, mayaƙan Japan na dā. An ɗauki shayin da ake sha cikin ladabi. Da aka iso kan naman wel, sai aka ja da baya. Daga nan sai murya ta canza.

A 2008, wata tashar talabijin ta Amurka ta fara nuna shirin Whale Wars. A cikinsa, jiragen ƙungiyar Sea Shepherd, mai adawa da farautar wel, na bin jiragen farautar Japan a tekun Antatika, ana jifa, ana feshin ruwa, wani lokaci har a yi karo. A 2009 aka fitar da fim ɗin The Cove. Masu fim ɗin sun shiga wani ɗan garin masunta mai suna Taiji, suka ɓoye na'urorin ɗaukar hoto cikin dare. Suka ɗauko yadda ake koro dolfin, ƙananan dangin wel, zuwa wani lungu na gaɓa a kashe su, har ruwa ya koma ja. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2010. A 2014, jakadiyar Amurka a Japan, Caroline Kennedy, ta fito a Twitter ta nuna damuwarta kan wannan farauta. Gwamnatin Japan ta mayar da martani cewa sana'a ce ta gargajiya, kuma bisa doka ake yin ta.

Taiji gari ne na mutum dubu uku ko makamancin haka. Bayan fim ɗin, baƙi suka riƙa zuwa duk lokacin farauta. Suna bin masunta da kyamara. Wasu har da baƙar magana. Ka yi tunanin mutumin da ya gaji sana'a daga kakansa, ya wayi gari duniya na kiransa mugu.

To jama'a, nan za mu juya. Bari mu koma baya, mu buɗe tarihin Amurka ita kanta. Hausawa na cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A tsakiyar ƙarni na 19, babu ƙasar da ta kai Amurka farautar wel. Ko kusa babu. Garuruwan Nantucket da New Bedford a jihar Massachusetts da man wel suka yi arziki. A 1846, jiragen farautar Amurka sun haura ɗari bakwai, alhali na duniya duka ba su wuce ɗari tara ba. Kuma ba nama suke nema ba. Mai suke nema. Su feɗe kitsen, su narka shi a kan jirgi, su zuba a ganguna, su bar gangar jikin a teku. Da wannan mai ake kunna fitila, da shi ake shafa wa injinan masana'antu. Littafin da Amurkawa ke alfahari da shi, Moby-Dick na Herman Melville, wanda ya fito a 1851, labarin farautar wel ne daga farko har ƙarshe.

Da wel ya yi ƙaranci a tekun Atlantika, ina jiragen suka nufa? Fasifik. Har bakin ruwan Japan. A lokacin Japan ta rufe ƙofarta ga akasarin baƙi sama da shekara ɗari biyu. Jirgin da ruwan sha ya ƙare masa ba shi da inda zai tsaya. Matuƙin da jirginsa ya fashe, in ya fita gaɓa, tsare shi ake yi.

A nan akwai wani labari mai daɗi da ya kamata ku ji. A 1841, wani yaro masunci ɗan shekara 14, sunansa Manjiro, guguwa ta jefa shi da abokan aikinsa huɗu kan wani tsibiri da babu kowa. Suka yi watanni a can. Wa ya cece su? Jirgin farautar wel na Amurka, mai suna John Howland. Kyaftin ɗin jirgin, William Whitfield, ya tafi da yaron garin Fairhaven, ya sa shi makaranta, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Manjiro ya koyi Turanci, ya koyi tuƙin jirgi. Bayan shekara goma ya koma gida, ya zama tafinta da mai ba gwamnati shawara. Har yau garin Fairhaven da garinsu Manjiro suna zumunci. Wato tun farkon sanin juna tsakanin mutanen nan biyu, wel na tsakiya.

A 1853, Kwamanda Matthew Perry ya iso bakin ruwan Japan da jiragen yaƙi huɗu. Yana ɗauke da wasiƙar shugaban Amurka, Millard Fillmore. Cikin abubuwan da wasiƙar ta ambata har da Amurkawa masu farautar wel kusa da gaɓar Japan. Ta nemi a kyautata wa waɗanda jirginsu ya fashe, a kuma sayar wa jirage ruwa da gawayi da abinci. Da igwa a bakin gaɓa aka kawo wasiƙar. Shekara na zagayowa, Japan ta buɗe tashoshin ruwa biyu, Shimoda da Hakodate.

Me ya sa Amurka ta rage farautar? Tausayi ne? A'a. A 1859 aka haƙo man fetur a jihar Pennsylvania. Kananzir ya fi man wel araha. Kasuwa ta faɗi, jirage suka ruɓe a tasha. Duk da haka, tashar farautar wel ta ƙarshe a jihar California ba ta rufe ba sai 1971.

Akwai saura, kuma wannan ya fi kusa. Bayan yaƙin duniya na biyu, Japan ta rushe. Yunwa ta ko'ina. Wanda ke mulkin ƙasar a lokacin Ba'amurke ne, Janar Douglas MacArthur. A 1946, shi ya ba da izini jiragen Japan su tafi Antatika su kamo wel a ciyar da jama'a. A shekarun nan, kusan rabin naman da Japanawa ke ci na wel ne. An sa shi cikin abincin makarantu. Dattawan Japan na yau, da naman wel aka raine su a firamare. Hannun da ya miƙa musu naman nan lokacin yunwa, shi ne daga baya ya nuna su da yatsa. In ka ji dattijon Japan na magana da ɗaci kan wannan batu, to ga inda ɗacin ya samo asali.

Yanzu kuma mu yi wa Amurka adalci. Mutum na iya yin kuskure ya gane, ya tuba. Tsohon laifi ba ya hana mutum faɗin gaskiya yau. Kuma canjin zuciyar da Amurkawa suka yi yana da dalili.

Ga dalilin. A ƙarni na 20, da jiragen inji da bindigar mashi, ƙasashen duniya sun kashe wel kusan miliyan uku. Norway ta yi. Birtaniya ta yi. Tarayyar Sobiyet ta yi. Japan ta yi. Shuɗin wel na Antatika ya kusa ƙarewa ƙurmus. Ku tuna abin da na ce ku riƙe. Ɗa ɗaya a shekara biyu ko uku. Dabbar da ke haihuwa haka, in ka kashe ta da yawa, jikokinka ma ba za su ga ta farfaɗo ba. Wannan hujja ce, kuma mai ƙarfi.

Sannan a 1970, wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya fitar da faifan kukan wel da aka naɗo a ƙarƙashin teku. Mutane suka ji sauti mai kama da waƙa. Zukata suka karye. Daga ganga ta mai, wel ya zama dabba mai hankali, mai iyali, mai murya. A 1972 Amurka ta kafa dokar kare dabbobin ruwa masu shayarwa. A shekarar ce kuma ta tsaya kai da fata a taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Stockholm, a dakatar da farautar. A 1982, Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya ta kaɗa ƙuri'ar dakatar da farauta don kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986.

Japan ta ce ba ta yarda ba, kuma dokar hukumar ta ba ta damar ƙin yarda. Sai Amurka ta ce, in ba ki janye ba, za mu hana jiragenki kamun kifi a ruwanmu. Japan ta janye. Cikin 'yan shekaru, damar kamun kifin ma ta kuɓuce mata. Japanawa na cewa an yi musu biyu babu. Amurkawa na cewa Japan ce ta fara saɓa alkawari. Har yau kowa na kan bakansa.

Ga kuma tambayar da Japanawa ba sa gajiya da yi. A jihar Alaska, mutanen Inupiat na farautar wel duk shekara, da izinin hukumar duniya, da goyon bayan gwamnatin Amurka. A jihar Washington, ƙabilar Makah na da yarjejeniya da gwamnati tun 1855 da ta ba su haƙƙin farauta. Sun kama wel a 1999, kuma a 2024 gwamnati ta share musu hanyar komawa. Ni ban ga laifin wannan ba. Abincinsu ne, gadonsu ne. Amma in gadon mutumin Alaska abin girmamawa ne, me ya sa na masuncin gaɓar Japan ya zama abin kunya? Amurka na amsawa da cewa waɗancan don ci suke yi, waɗannan don sayarwa. Amsar tana da ɗan nauyi. Sai dai masuncin da ke sayar da abin da ya kamo don ya ciyar da iyalinsa, shi ma ci yake nema. Haka kuma Norway ta koma farautar wel don kasuwa tun 1993, amma hayaniyar da ake yi mata ba ta kai rabin ta Japan ba.

Ƙyama daban, hujja daban. Kuma ƙyama aba ce mai canzawa. Japanawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna gudun naman dabba mai ƙafa huɗu, saboda koyarwar addinin Buddha. A idonsu, mai cin naman saniya shi ne abin ƙyama. Sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman sa, aka shelanta wa jama'a, sannan ƙofa ta buɗe. Mu kuma a nan, musulmi daga cikinmu sun san labarin rundunar Abu Ubaida. Yunwa ta kama su a bakin teku, teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira Anbar, suka ci har suka murmure, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Don haka naman nan a kan kansa ba shi ne matsalar ba.

To, mun auna Amurka. Yanzu mu juya ma'aunin kan Japan. Domin ita ma akwai maganar da ya kamata ta ji.

Da Japan ta ce gargajiya, wace gargajiya take nufi? Akwai ta gaskiya. A Taiji, tun farkon ƙarni na 17 ake farautar wel da ƙananan kwale-kwale, daga baya aka ƙara da taru. Gari guda ke fita. Ba a zubar da komai, daga nama har ƙashi har fata. A ƙauyen Kayoi da ke lardin Yamaguchi, masunta sun gina wa 'yan tayin wel kabari tun 1692. In an feɗe uwa aka tarar da ɗa a cikinta, sai a binne shi. Har yanzu ana taron tunawa da su duk shekara. Mutanen da ke yin haka sun san nauyin ran da suka ɗauka. Wanda ya kira su marasa imani bai san su ba.

Amma wannan al'adar wasu garuruwan gaɓa ce, ba ta Japan duka ba. A wasu yankunan ma girmama wel ake yi, ba a taɓa shi. A 1911, masuntan ƙauyen Same, a arewacin ƙasar, sun banka wa tashar wani kamfanin farauta wuta, saboda jini da mai sun ɓata musu ruwan kamun kifi. Bindigar mashi kuwa daga Norway aka koyo ta a ƙarshen ƙarni na 19. Zuwa Antatika da ƙaton jirgi mai masana'anta a ciki, sai a shekarun 1930 aka fara. Tafiyar dubban kilomita zuwa ƙarshen duniya, wannan kasuwanci ne na zamani. Kakannin Taiji ba su san shi ba. Hatta koro dolfin da jiragen inji abu ne na ƙarni na 20. Kuma babban kuɗin da ke cikinsa yau daga sayar da masu rai ga gidajen wasan ruwa yake fitowa.

Sai kuma maganar bincike. Da aka hana farautar kasuwa, a 1987 Japan ta ce za ta ci gaba da kamawa don binciken kimiyya. Ana kashe ɗaruruwa duk shekara, naman kuma ya ƙare a kasuwa. Ostireliya ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague. A watan Maris na 2014 kotu ta yanke hukunci cewa shirin Japan na Antatika ba don kimiyya ake yin sa ba. A ganina wannan ya zubar wa Japan mutunci fiye da duk fina-finan da aka yi a kanta. Mai gaskiya ba ya bukatar fakewa.

Akwai kuma hujjoji biyu da Japan ba za ta iya turewa da sunan al'ada ba. Ta farko, azaba. Dabba mai wannan girma, a kan teku mai motsi, ba kullum take mutuwa nan take ba. Wani lokaci tana daɗewa tana shan wuya. Mu da aka koya wa wasa wuƙa kafin yanka don a hutar da dabba, mun san wannan magana ce ta gaskiya. Ta biyu, lafiya. An sha gano sinadarin makuri mai yawa a naman dolfin, kuma guba ne, musamman ga mai ciki da ƙananan yara. Masana na Japan su da kansu sun faɗa.

Sannan, wa ke cin naman yau? A farkon shekarun 1960, Japanawa na cin sama da tan dubu ɗari biyu a shekara. Yau 'yan dubbai kaɗan ne. Matasa da yawa ba su ma san ɗanɗanonsa ba. Gwamnati ta daɗe tana tallafa wa sana'ar da kuɗin jama'a. To me ya hana ta mutuwa da kanta? A fahimtata, matsin lambar ce ke ba ta rai. Mutumin Tokyo da bai damu da naman wel ba, in ya ga baƙo na zagin masuncin ƙasarsa, sai ya tsaya bayan masuncin. Abin ya tashi daga maganar abinci, ya koma maganar mutunci. Wata mai shirya fim 'yar Japan da ke zaune a New York, Megumi Sasaki, ta je Taiji ta yi nata fim, wanda ya fito a 2016. Ta ba masunta dama su yi magana, ta ba masu zanga-zanga dama su yi magana. Abin da ya fito fili shi ne kowa na magana, babu mai sauraren wani.

Ina aka kwana yanzu? A ƙarshen watan Yuni na 2019, Japan ta fice daga hukumar duniya. Washegari ta koma farautar kasuwa a fili, amma a cikin ruwanta kawai. Ta bar Antatika. Adadin da take kamawa ya ragu a kan na zamanin binciken. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A 2024 an ƙaddamar da sabon ƙaton jirgi, Kangei Maru, aka kuma ƙara wani nau'in wel, na biyu a girma a duniya, cikin waɗanda za a kama. Wannan mataki ya tayar da hankalin masana da dama, ni ma kuma bai kwanta min ba.

A can gaɓar gabashin Amurka kuwa, akwai wani nau'in wel da waɗanda suka rage ba su kai ɗari huɗu ba. Babu mai farautarsa. Igiyoyin kamun kifi ne ke sarƙe shi, manyan jirage ke bankaɗe shi. A ruwan Amurka da Kanada wannan ke faruwa. Duk mai ƙaunar wel da gaske, ga aiki nan a ƙofar gidansa.

To jama'a, ga matsayata, kuma ba zan ɓoye ba. Inda Amurka ta ce kada a ƙarar da dabbar nan, tana da hujja. Inda ta ce kada a azabtar da ita, tana da hujja. Inda ta ce kada a kira kasuwanci bincike, tana da hujja. Amma inda ta ce cin naman wel dabbanci ne, ƙyama ce ke magana. Ita kuma Japan, masuntan gaɓarta na da haƙƙin sana'ar kakanninsu, matuƙar nau'in da suke kamawa na da yawa, kuma ana ƙirga shi da gaskiya a idon duniya. Amma ba ta da haƙƙin lulluɓe kowane jirgin kamfani da mayafin gargajiya. Ƙyama daban, hujja daban. Haka kuma gado daban, kasuwa daban.

Kafin in sallame ku, ina da roƙo, musamman ga matasanmu masu kallon fina-finan waje a waya. In an nuno muku wasu mutane a matsayin mugaye, ku tsaya ku tambaya. Wa ke riƙe da kyamarar? An bar waɗanda ake nunawa sun yi magana da bakinsu? Ku nemi labarin Manjiro ku karanta. Ku nemi fim ɗin The Cove ku kalla, ku nemi na Megumi Sasaki shi ma ku kalla, sannan ku yanke hukunci. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Amurka da Japan, in maganar nan ta taso a gabanku, ku tuna wa kowane ɓangare abin da ya manta na tarihinsa, cikin ladabi.

Iyaye da malamai, ku tattauna wannan da yara a gida da makaranta.